Ƙorafi Kan Shagon Wasan Bidiyo da Ya Kulle Motata a Tsakar Gida

Daga: Munkaila Abdulhakim,
Malamin tarihi da labarin ƙasa a kolej,
Fili mai lamba 211, Unguwar Rijiyar Kuka, Dogon Dutsi.

Zuwa ga: Maigirma Magajin Garin Dogon Dutsi,
Ta hannun Sakataren Ma'aikatar Magajin Gari.

Litinin, 25 ga Yuli, 2022.

Game da: Roƙon a buɗe hanyar da ke tsakanin fili mai lamba 211 da mai lamba 212, wadda aka gina shagon wasan bidiyo a kanta, kafin ranar Laraba, 10 ga Agusta, 2022.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka da gaisuwar Musulunci, ina kuma roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da basirar riƙon jama'ar da Ya ɗora maka. Wannan ita ce takardata ta biyu a kan wannan magana. Ta farko na miƙa ta ranar 4 ga Yuli, Sakatare ya dawo mini da ita cikin mutunci, ya ce ban cika gurbin sunan wanda nake ƙara ba. Gaskiyarsa. Sai dai ina neman afuwa, domin a wannan ma gurbin babu komai. Mai fili na 212 mahaifin mai ɗakina ne. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, na kuma gwada alƙalami na ga shi ma kunyar ce da shi. Lambar filin tana cikin littafin ma'aikatarku, sunan yana gefenta. Ga bayanin abin da ya faru daki-daki.

1. Mahaifiyata, Habsatu, tana zaune a ƙauyenmu arewa da Sukukutane, shekarunta sun haura saba'in. A shekarar 1991 babbar motar 'yan kasuwa ta kife da ita da mahaifina. Shi a nan ya cika, ita kuma aka zaƙulo ta daga ƙarƙashin buhunan wake. Tun ranar ba ta sake sa ƙafa cikin mota ba. Biki ko rasuwa, in amalanke bai kai ba, ita ma ba ta kai ba. Sharaɗi ɗaya ta taɓa gindayawa, ni ma ina jin don ta rufe mini baki ne: ranar da na sayi tawa ta kaina, nake tuƙa ta da hannuna, za ta shiga. A watan Afrilun bana likitocin ido masu zagaya ƙauyuka suka duba ta. Suka ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sahu, sai an yi masa aiki a Yamai. Suka ba mu ranar 16 ga Yuni. Dalilin sayen motar ke nan, ranka ya daɗe. Ba marmari ba ne, ba kuma gasa da kowa ba, domin shekara ashirin da huɗu ina zuwa aiki a kan babur ban taɓa jin ya rage ni da komai ba.

2. Ranar Asabar, 14 ga Mayu, na je Yamai na karɓo motar, sabuwa dal, mai tsayin ƙafa saboda rairayin hanyar ƙauyenmu. Kwana biyu na yi ina zagayen wuraren masu sayar da motoci ina leƙa ƙarƙashinsu kamar na san abin da nake dubawa, kafin na tsaya a kanta. Wanda ya raka ni shi ne Luƙman, ƙanin mai ɗakina, mai shekara ashirin da takwas, wanda tun da ya bar makaranta sana'arsa ita ce zaman fadar samari da dafa shayi. Shi ma da tasa buƙatar, yana son na'urar wasan bidiyo. A shagon da muka shiga iri biyu aka ajiye masa a kan tebur. Ɗaya ƙarama ce, ta riƙewa a tafin hannu, mutum ya yi wasansa shi kaɗai. Ɗayar babba ce, ana jona ta da talabijin, tana ɗaukar abin riƙo huɗu da suke kira manet, mutum huɗu su buga ƙwallo lokaci guda. Luƙman ya zaɓi ƙaramar, har an fara naɗe masa ita.

A nan ne, ranka ya daɗe, malantata ta motsa. Na tsayar da mai shagon. Na yi wa Luƙman darasi na kusan rabin sa'a, cewa ƙaramar za ta ƙara masa zaman kashe wando ne kawai, babbar kuwa sana'a ce, in ya sami wuri ya kafa ta samari za su riƙa zuwa suna biya suna wasa. Har na ƙara masa da cewa ya nemi wuri kusa da gida, inda idon manya zai riƙa ganinsa. Ya ajiye ƙaramar ya ɗauki babbar. A bayan sabuwar motata aka ɗora ta, ita ce kayan farko da motar ta taɓa ɗauka. Ba na ɓoye wannan, domin duk wanda kuka aiko bincike abin da za a fara gaya masa ke nan, ana dariya. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.

3. Gidana zaure gare shi, yana fuskantar lungun kudu, wanda faɗinsa mita ɗaya ne da santimita arba'in. Motar kuwa mita ɗaya ce da tamanin. Saboda haka tun kafin in tafi Yamai na fasa katangar gabas na sa ƙofar ƙarfe, ta buɗe a kan wani tsiri na fili da ke tsakanina da gidan surukina, wanda yake fita har bakin titi. Kowa a unguwa ya ɗauka tsirin nasa ne, don a nan yake tara karan dawa. Ban yi gaban kaina ba. Na aiki mai ɗakina, Zalihatu, ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta gaya masa. Amsa ta biyo hanyar da saƙo ya bi: a ce da ni ai ni ɗa ne, fili nawa ne, Allah Ya tsare hanya. Babu takarda, babu shaida. Wa zai nemi surukinsa ya sa hannu? Da yammacin 15 ga Mayu motar ta shiga tsakar gidana ta wannan ƙofa, kuma ba ta sake fita ba.

4. Daga 23 ga Mayu zuwa 10 ga Yuni an tura ni horon malamai a Doso. Na tafi a motar haya na bar tawa a rufe da tampol, domin lambarta ba ta fito ba tukuna, kuma na ƙudura a raina tafiyarta ta farko ta ɗauko mahaifiyata ce. A mako na biyu Zalihatu ta kira ni a waya ta ce Luƙman yana kafa shago a gefen ƙofarmu. Ni a zatona rumfar zana ce da benci biyu, irin wadda mutum zai ture da ƙafa. Na ce Allah Ya sa albarka, har na ji daɗin an ɗauki shawarata. Ban tambaye ta da me ake ginin ba, ita kuma ganin na sa albarka ba ta ƙara ba.

Ranar da na dawo na tarar da ɗaki na bulo da siminti, an rufa masa kwano, an ja masa wutar lantarki, ya cinye tsirin daga katangar surukina har zuwa daf da tawa. Na auna abin da aka bar mini da ma'aunin makaranta: santimita casa'in. Babur yana wucewa in an karkata shi.

5. Washegari na sami Luƙman a shagon na gaya masa, ba wasa a fuskata, cewa ya toshe mini hanya. To, ranka ya daɗe ka sani, ƙanin mata abokin wasa ne. Tun yana yawo ba wando yake sace mini takalmi in na zo zance, nake cewa zan sayar da shi a kasuwar Juma'a. Ya dube ni ya fashe da dariya. Ya ce wa samarin da ke wurin su ji mijin yaya, ya ɗauke musu yaya shekara sha tara ba su ce uffan ba, su sun ɗauki 'yar hanya ya zo yana kumfar baki. Na ɗaga murya, suka ƙara shewa, wai yau Mushe, sunan da suke kiran malamin makaranta da shi, ya iya wasan. Na koma sau huɗu, 13 da 20 ga Yuni, sai 2 da 18 ga Yuli. Na yi lallashi, na yi faɗa, ranar ƙarshe har idona ya kawo ruwa, ya ce wallahi da a talabijin nake da na ci kyauta, ya miƙo mini manet wai in huce da wasa ɗaya. Ba na cewa yaron mugu ne. Ina jin ya gane sarai, wasan ne ya zame masa mafaka, domin ranar da ya yarda da gaske nake, ranar zai rushe abu na farko da ya taɓa ginawa a rayuwarsa.

6. Da na ga haka na nemi manya. Mai unguwa ya ce maganar cikin gida ce, ba ya shiga tsakanin harshe da haƙori. Liman ya je, ya dawo mini da amsar surukina: ni ɗansa ne, in ina da magana in zo in faɗa masa da bakina, ba sai na aiko ba. Wani abokin aikina, Malam Bilal, matashi ne mai karatun addini, ya zaunar da ni ya ce wannan kunya al'ada ce, ba aya ba ce ba hadisi ba, haƙƙin uwa yana gaba da ita nesa ba kusa ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na tafi wurin surukina har sau uku. Kowane zuwa nakan tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa nesa da tabarmarsa, kaina a ƙasa. Ya tambaye ni aiki, in ce da godiya. Ya tambaye ni ruwa, in ce ya yi gyara. Ya ce Luƙman ya zama mutum ta dalilina, shekara bakwai yana addu'ar Allah Ya raba shi da butar shayi, ba shi da bakin gode mini. Daga nan sai in ajiye maganar da na haddace tun daga gida. In ce na zo gaisuwa ne, ya sa mini albarka, in tashi in ɗauki takalmina.

Ga halin da nake ciki a taƙaice: wanda nake iya yi wa magana ba ya ɗaukar ta magana, wanda zai ɗauke ta magana ba na iya yi masa. Gaba kura, baya sayaki. Zalihatu ta kai kukan idon mahaifiyata wurin tata uwar, aka ce ai abu mai sauƙi ne, ga motoci cike da tasha, surukina da kansa zai ɗauki shatar guda. Na gode da wannan karamci, amma ba su san Habsatu ba.

7. Ni da na san ta ma na gwada. Ranar Laraba, 15 ga Yuni, na ari motar wani abokina na tuƙa ta har ƙofar gidanmu a ƙauye, da niyyar in bar ta ta ɗauka tawa ce. Ƙanwata Basira ta riƙo hannunta ta kawo ta. Ta shafa ƙofar, ta shafa kujerar, yatsanta ya faɗa cikin wata yagewa da aka ɗinke da zare. Ta sunkuya ta shinshina. Ta ce sabon abu ba ya warin taba. Sannan ta juyo da idon da ya rage mata, ta ce in dubi nonon da na sha in gaya mata ko motar nan tawa ce. Ranka ya daɗe, ina da shekara arba'in da tara, na tsaya gaban mutanen ƙauye kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Na ce ta aro ce. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a mayar da ita ɗaki, gara ta makance a kan gadonta da ta mutu a motar mutane. Haka ranar 16 ga Yuni ta wuce mu. Da ƙyar da roƙo likitan ya sake ba mu Alhamis, 11 ga Agusta, ya kuma rubuta a takardar cewa bayan wannan lokaci ba ya ɗaukar alkawarin aikin zai yi amfani. Kwafen takardar yana manne da wannan.

8. Kada a ce ban nemi wata mafita ba. Arewa da gidana bangon masallaci ne. Yamma ɗakunan kwanan maƙwabcina ne guda uku a jere. Kudu lungun da na ambata. An ba ni shawarar in ɗauko motar ɗaga kaya ta tsallake da ita katanga, mai motar ya zo ya ɗaga kai ya ga wayoyin wuta ya ce shi yana da iyali. Wani bakanike ya ce zai kwance ta gunduwa-gunduwa a fitar ta zaure a sake haɗawa, da na tambaye shi ko ya taɓa yin irin haka ya ce a'a, amma ya taɓa gani an yi wa injin niƙa.

Yau kwana saba'in da ɗaya motar tana tsaye. Kowace safiya nakan tayar da ita minti goma don kada batir ya mutu, in matsa gaba taku uku, in dawo baya taku uku, iyakar tsakar gidan ke nan. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta. Ragon layyarmu a ƙafarta aka ɗaure shi. Matan unguwa sun raɗa mata suna Hajiya Mai Kulle, in sun shigo sai sun gaishe ta sun tambaye ta zaman gida. Ina dariya tare da su don ba yadda zan yi. In na zauna a cikinta ina jin ihun samari ta bayan katanga duk lokacin da aka ci ƙwallo a na'urar da na zaɓa da bakina.

9. Ranar Alhamis, 30 ga Yuni, na je ofishin filaye na ma'aikatarku na roƙi a nuna mini taswirar rabon filayen unguwarmu. Ma'aikacin ya buɗe mini ba tare da ɓata lokaci ba, Allah Ya saka masa. A taswirar, tsirin nan ba ya cikin fili na 211, ba ya cikin na 212. An zana shi hanya ce ta jama'a mai faɗin mita huɗu. Wato abin da na roƙa a wurin surukina ba nasa ba ne balle ya ba ni, ba nasa ba ne balle ya ba ɗansa. Na tabbata shi ma bai sani ba, karan dawa ne ya daɗe a wurin har kowa ya manta. Ni kuwa da nake koya wa 'ya'yan mutane karatun taswira, sai da aka gine ni a gida sannan na tuna garinmu ma yana da tasa.

Bisa ga waɗannan dalilai, ranka ya daɗe, ina roƙon alfarmarka kamar haka:

Na ɗaya, a turo ma'aikacin filaye ya auna hanyar a gaban mai unguwa, ya faɗi abin da taswira ta ce da bakin hukuma, tunda nawa bakin ya kasa.

Na biyu, a ba da umarnin buɗe mita biyu da rabi daga ɓangaren shagon da ke jikin ƙofata kafin Laraba, 10 ga Agusta, ranar da ya kamata in kwana a ƙauye in ɗauko mahaifiyata. Ba na neman a rushe shagon duka, ba na neman a ci kowa tara. In ma'aikatarku za ta nuna wa Luƙman wani wuri a bakin titi, ni zan ɗauki nauyin bulo da magini, na'urarsa kuma in kai masa ita a motar da ta kawo ta.

Na uku, ina roƙo da girman Allah kada a aika wa dattijon nan takardar sammaci, kada a tsayar da shi a ofis, kada kuma a haɗa ni da shi a zaure ɗaya a ce in maimaita abin da na rubuta. In aka yi haka zan ce ban san zancen ba, kuma za a rubuta ni maƙaryaci a banza.

Na san abin da nake sayowa da wannan takarda. Zalihatu ba ta san na rubuta ta ba. Ranar da ma'aikacinku ya sauke ma'auninsa a ƙofar gidan ubanta, ba sai an gaya wa kowa wanda ya kira shi ba, kuma ban san da wane ido za ta dube ni ba, ban san ko zan sake durƙusawa a zauren nan a sa mini albarka ba. Ina tsoron wannan ƙwarai. Na auna shi da ɗaya abin ne na ga suruki yana iya yin fushi ya huce, ido kuwa in ya rufe ya rufe.

Jiya Lahadi na je ƙauye a kan babur. Na tarar da mahaifiyata a bakin ƙofar ɗaki, Basira ta ce yanzu ba ta bambance mutum da turmi sai ya yi motsi. Ba ta tambaye ni dalilin jinkiri ba, ba ta taɓa tambaya ba. Da zan tafi ne ta riƙe mini hannun riga, ta yi ƙasa da murya kamar mai jin nauyi, ta ce in gaya mata launin motar, ta riƙa ganinta a zuci kafin ta zo. Na ƙi. Na ce mata ba zan faɗa ba, da idonta za ta gani. Ta yi murmushi ta ce to, tana jira.

Saura kwana goma sha shida, ranka ya daɗe. Na yi wa mahaifiyata ƙarya sau ɗaya a bana ta kama ni. Ina roƙonka ka taimake ni kada wannan ta zama ta biyu.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama lafiya da jama'arka. Ina jiran umarninka cikin ladabi da biyayya.

Naka mai ƙanƙan da kai,

(sa hannu)
Munkaila Abdulhakim,
Fili mai lamba 211, Unguwar Rijiyar Kuka.

Abin da aka haɗa da takardar: kwafen takardar likitan ido, kwafen takardar sayen mota, zanen hanyar da na kwafa daga taswira da hannuna.